Kiɗa Ne Ko Hayaniya? Fashin Baƙi Kan Kiɗan Kilasik Na Zamani

Makaɗi ya hau dandali, ya zauna gaban fiyano, ya shafe minti 4 da daƙiƙa 33 bai buga komai ba, sannan ya miƙe ya rusuna aka yi masa tafi. Wannan kiɗa ne, ko raina wa mutane hankali? Duk sa'ad da bidiyon nan ya sake zagayowa a intanet tambayar da ake yi ke nan, kuma galibi kafin a rufe baki an riga an yanke hukunci. Irin wannan surutu ya tashi a watan Fabrairun 2024, lokacin da labari ya bazu cewa jama'a sun taru a wata tsohuwar coci a garin Halberstadt na Jamus domin su ji an ƙara sauti ɗaya tak a wani kiɗa da aka soma a 2001, wanda ba zai ƙare ba sai shekarar 2640. Mutum ɗaya ne ya tsara kiɗan biyu, Ba'amurken nan John Cage.

Ina cikin masu son irin wannan kiɗa, amma ban taɓa ganin laifin wanda ya ji shi karon farko ya toshe kunnuwa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tattara aikin sama da shekara 100, na mutane iri-iri masu manufa daban-daban, a zuba a kwando ɗaya a ce duk hauka ce. Akwai dalilan da suka kai kiɗan inda ya kai, kuma wanda ya san su, ko bai so kiɗan ba, aƙalla zai san abin da ya ƙi.

## Sunaye uku da ake cakuɗawa

Kiɗan kilasik shi ne al'adar da ta girma a Turai, inda mai tsara kiɗa ke rubuta kowane sauti a takarda, makaɗa su karanta su buga, ko da ya rasu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Bach da Mozart da Beethoven nan suke. Idan an ce "na zamani", ana nufin abin da aka rubuta cikin wannan al'ada daga kusan 1900 zuwa yau, musamman wanda ya karya tsofaffin dokoki. "Na gwaji" kuwa reshe ne ƙarami a ciki: mai tsarawa ya shimfiɗa wata hanya ko ƙa'ida, ya sake ta ta yi aikinta, shi kansa bai san takamaiman abin da zai fito ba sai an buga.

## Gidan da kunne ya saba komawa

Duk rigimar daga nan ta samo asali, don haka sai mu ɗan daɗe a kai.

Dubi fiyano. Farare da baƙaƙen maɓallansa tsari ɗaya suke maimaitawa, duk bayan 12 sai a koma farko. Waɗannan sautuka 12 su ne jarin kiɗan Turai. Sai dai kusan shekara 300, daga ƙarni na 17 zuwa ƙarshen na 19, ba a ba su matsayi ɗaya ba. Mai tsara kiɗa kan zaɓi 7 daga ciki, ya naɗa ɗaya ya zama gida. Kiɗa ya tashi daga gida, ya yi yawo, ya shiga ƙunci, sannan ya dawo. Wannan dawowar ce natsuwar da kake ji a ƙarshen waƙa, lokacin da ko ba a gaya maka ba ka san an gama. Rera duk waƙar da ka sani ka tsaya kafin gaɓar ƙarshe, za ka ji kamar an fita an bar ƙofa a buɗe.

Akwai lissafi a ƙarƙashin abin. Tsirkiyar da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa da wadda ke kaɗawa sau 880, kunne na jin su kamar uwa da 'ya, domin ɗaya ninkin ɗaya ce. Wadda ke yin 660 ma tana jituwa da ta 440. Amma a haɗa 440 da 466, sai ka ji suna gogar juna, ana wani gurnani a tsakani. Tsohon kiɗa yana amfani da wannan gogayya kamar yadda mai ba da labari ke amfani da tashin hankali, a kawo shi domin a warware shi.

To, son jituwa halitta ce ko sabo? A 2016 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da Josh McDermott da abokan aikinsa suka yi a kan mutanen Tsimane na dajin Amazon a Bolibiya, waɗanda ba su cika cuɗanya da kiɗan Turai ba. An kunna musu sautuka masu jituwa da masu karo da juna, ba su fifita waɗannan a kan waɗancan ba, alhali Amurkawan da aka gwada sun fifita masu jituwa ƙwarai. Wato kaso mai tsoka na abin da muke kira daɗi, kunne ne ya koye shi yau da gobe. Abin da aka koya kuwa ana iya ƙara wani a kansa.

## Yadda aka bar gida

Ba dare ɗaya aka yi ba. A opera ɗin Tristan und Isolde, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa tare da kiɗa, wanda aka fara nunawa a 1865, Richard Wagner ya riƙa jinkirta komawa gida har kusan awa huɗu. Claude Debussy ya ji kiɗan gamelan na tsibirin Java a bikin baje koli na Faris a 1889, ya gane cewa ana iya gina kiɗa a kan wani jerin sautuka na daban. Kowa na ɗan ja da igiyar, har Arnold Schoenberg na birnin Biyana ya tsinke ta wajen 1908, ya fara rubuta kiɗan da ba shi da gida ko kaɗan.

Shekarar 1913 ta nuna yadda jama'a suka karɓi abin. Ranar 31 ga Maris, a Biyana, Schoenberg na jagorantar makaɗa suna buga ayyukansa da na almajiransa Alban Berg da Anton Webern, sai faɗa ya kaure a zauren har aka dakatar da taron. Ranar 29 ga Mayu kuma, a Faris, aka fara nuna wasan rawa na Le Sacre du printemps, wanda Igor Stravinsky ya rubuta kiɗansa, ihu da ba'a suka cika wuri har masu rawa ba sa jin makaɗa sosai. Shi Stravinsky bugu ya birkita: nauyin kiɗan na faɗowa inda ƙafa ba ta zata ba, gungun makaɗa duka suka koma kamar ganga ɗaya mai fushi.

Schoenberg ya ga cewa kiɗan da ba shi da gida yana bukatar wani abin da zai riƙe shi. A farkon shekarun 1920 ya fito da tsarin sautuka 12: a jera su duka yadda aka ga dama, a bi jerin ba tare da an fifita ko ɗaya ba. Ana iya karanta jerin daga ƙarshe zuwa farko, ko a kifar da shi, hawa ya koma sauka, ko a haɗa biyun. Siffofi huɗu ke nan idan aka haɗa da jerin asali, kuma kowacce ana iya fara ta daga ko wanne cikin sautuka 12, da haka jeri ɗaya ke haifar da siffofi 48. Kiɗan da mutane ke cewa "kamar yaro na dukan fiyano" sau da yawa ya fi kowanne tsananin doka.

## Yaƙi, siyasa da na'ura

Masu mulkin kama-karya sun ɗauki wannan kiɗa da muhimmanci fiye da yadda muke zato. 'Yan Nazi sun kira shi gurɓataccen kiɗa, har suka yi baje kolin tozarta shi a Düsseldorf a 1938. Schoenberg, wanda Bayahude ne, ya bar Jamus tun 1933 ya koma Amurka. A Tarayyar Sobiyet jaridar Pravda ta yi wa Dmitri Shostakovich kaca-kaca a 1936, a lokacin da irin wannan suka kan iya kai mutum kabari.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, matasan da suka tashi cikin kufai ba su yarda da tsohon kiɗa mai kumbura zuciya ba, domin sun ga yadda aka yi amfani da shi wajen tunzura jama'a. Daga 1946 aka riƙa yin kwas na bazara kan sabon kiɗa a garin Darmstadt na Jamus, inda daga baya Pierre Boulez da Karlheinz Stockhausen da Luigi Nono suka yi fice. Burinsu a fara daga tushe, a lissafa komai, har tsawon sauti da ƙarfinsa. Iannis Xenakis, injiniyan Girka da ya rasa ido ɗaya a faɗan birnin Atan, ya riƙa zana kiɗa kamar yadda ake zana gini, yana tunanin sauti a matsayin taron jama'a ko ruwan ƙanƙara a kan rufi.

Sai na'urar naɗar sauti ta buɗe wata ƙofar. A 1948 Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa, ya yayyanka, ya harhaɗa, ya ce ga kiɗa. Ba a cika faɗa ba, amma Halim El-Dabh ɗan Masar ya riga shi: a 1944 ya naɗi muryoyi a Alƙahira ya sarrafa su da na'ura har suka koma wani abu dabam. Tambayar ta tashi daga "wane sauti ke bin wanne" ta koma "mene ne ba zai iya zama kiɗa ba".

## Me Cage ke nufi da shirunsa?

A 1951 Cage ya shiga wani ɗaki a Jami'ar Harvard da aka gina don ya shanye duk wata ƙara. Ya zaci zai ji shiru tsantsa, sai ya ji sautuka biyu, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, duk daga jikinsa suke fitowa. Ya fito da yaƙinin cewa muddin mutum na raye babu shiru.

Ranar 29 ga Agusta 1952, a wani zauren katako da ke cikin kurmi a Woodstock ta jihar Niyok, David Tudor ya zauna gaban fiyano da agogo a hannu. Ya rufe murfin maɓallan alamar an fara, ya buɗe alamar an gama kashi na farko, haka har sau uku. Cage ya ba da labari daga baya cewa a kashin farko an ji iska na kaɗawa a waje, a na biyu yayyafi ya fara sauka a kan rufi, a na uku kuwa mutanen da kansu ne suka cika wurin da ƙananan maganganu da takun masu ficewa. Wannan shi ne kiɗan. Makaɗin ya shata iyaka ne kawai, ya ce daga nan zuwa nan ku kasa kunne ga duk abin da ke akwai.

Na Halberstadt kuma tambaya ce game da lokaci. Cage ya rubuta a takardar kiɗan cewa a buga a hankali iyakar yadda zai yiwu, bai faɗi tsawon ba. Bayan rasuwarsa a 1992, wasu suka ce ai ogan, babban kayan kiɗan coci mai maɓallai da bututu, na iya riƙe sauti muddin iska na shiga bututunsa, don haka iyakar ita ce tsawon ran ogan ɗin. Suka tuna an kammala wani shahararren ogan a garin a 1361, wato shekara 639 kafin 2000, suka ɗauki wannan adadi ya zama tsawon kiɗan. An fara ranar 5 ga Satumba 2001 da shiru na wata 17, domin takardar da hutu ta soma. Yanzu 'yan buhunan yashi ne ke danne maɓallan dare da rana. Waɗanda suka fara aikin sun san ba za su ga ko kashi ɗaya cikin goma ba, amana ce suka bar wa jikokin jikoki.

## Hujjar masu suka da ta masu karewa

Masu suka suna da magana, kuma bai kamata a kore su da cewa ba su gane ba ne. Sun ce jerin sautuka 12 ido ne ke ganinsa a takarda, kunne ba ya iya bin sa, to ina amfanin tsarin da ba a ji? Sun ce masu tsara kiɗan sun juya wa jama'a baya, sun fake a jami'o'i da gidajen rediyon gwamnati, suna cin kuɗin haraji suna rubuta wa junansu. Suna kafa hujja da maƙalar Milton Babbitt ta 1958, inda ya kwatanta mai tsara kiɗa da masanin lissafi wanda ba dole ne kowa ya fahimce shi ba. Boulez ma a 1952 ya rubuta cewa duk makaɗin da bai ga wajabcin tsarin sautuka 12 ba, ba shi da amfani. Irin wannan girman kai ya cutar da kiɗan fiye da duk wani abokin gaba.

Masu karewa kan ce haka aka yi wa na baya. Grosse Fuge na Beethoven ya rikita masu sauraro a 1826, har mai buga masa takardu ya roƙe shi ya rubuta wani a madadinsa, yau kuwa ana lissafa shi cikin manyan ayyukansa. Kiɗan Stravinsky da aka yi wa ihu a 1913, shekara ɗaya bayan nan aka buga shi a Faris ba tare da rawa ba, jama'a suka ɗaga Stravinsky a kafaɗa. Zuwa 1940 kiɗan ya shiga fim ɗin zane na Disney.

A ganina wannan hujja rabin gaskiya ce. Tsarin Schoenberg ya haura shekara 100 kuma har yau masu sauraronsa 'yan kaɗan ne, ba kowane abu lokaci ke wankewa ba. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce tawayen da ya taso daga cikin gida. A 1964 Terry Riley ya rubuta In C, guntaye 53 a shafi ɗaya, kowane makaɗi ya maimaita kowanne iya son ransa kafin ya wuce gaba. Steve Reich ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ganguna, ya dawo da bugu da maimaici cikin kiɗan zamani. Arvo Pärt na Istoniya ya koma ga sautuka kaɗan masu natsuwa. Faifan 1992 na simfoni ta uku ta Henryk Górecki, wato dogon kiɗa na babban gungun makaɗa, ya sayu sama da miliyan ɗaya. Akin Euba na Nijeriya kuma ya yi ta rubutu da kiɗa kan yadda za a sa fiyano ya yi magana irin ta ganga. Duk waɗannan kiɗan zamani ne, shi ya sa hukunci ɗaya ba ya ɗaukar su gaba ɗaya.

## Ina abin ya shafi wanda ba ya zuwa zauren kiɗa?

Ka riga ka sha jin sa ba ka sani ba. Stanley Kubrick ya sa kiɗan György Ligeti a fim ɗinsa na 2001: A Space Odyssey a 1968, ba tare da ya nemi izininsa ba, ya kuma sa na Krzysztof Penderecki a The Shining a 1980. Tun daga nan, yawancin ƙarar gogen da ke tayar maka da tsikar jiki a fim ɗin ban tsoro daga wannan makaranta ta fito. Mutumin da zai ƙi minti biyu na kiɗan a zaure yakan zauna da shi awa biyu a gaban allo, domin hoto ya gaya masa abin da zai ji a ransa. Yanka sauti a maimaita shi, wanda duk mai haɗa kiɗa a kwamfuta ke yi yau, jikan gwajin Schaeffer ne. Ga shi kuma intanet ta sauƙaƙa abin, kiɗan da a da sai wanda ke kusa da babban zaure ke ji, yanzu yana cikin waya.

## Ta ina mai son gwadawa zai fara?

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wanda ya zo yana jiran karin da zai rera ko bugun da zai taka, zai yi ta jira a banza. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: sautin kauri ne ko siriri, yana cika ko yana raguwa, daga ina ya taso, yaushe ya sauya?

Atmosphères na Ligeti, na 1961, shi ya fara buɗe mini kunne. Na sa iyafis da dare, na kashe fitila. Ya soma da wani sauti mai faɗi, a hankali ƙwarai, makaɗa kusan duka kowa riƙe da nasa, babu bugu babu kari, kamar hazo ya sauka. Da na daina neman waƙa sai na lura hazon yana motsi, wani gefe na haske wani na duhu. Can sai ƙananan sarewa suka riƙa hawa, suna hawa, har na ji abin a haƙorana, kwatsam aka yanke, manyan goge suka karɓa daga can ƙasa kamar an buɗe rami a ƙarƙashin ƙafa. A ƙarshe ana shafar tsirkiyoyin cikin fiyano da buroshi, har ka kasa gane inda kiɗa ya tsaya da inda shirun ɗaki ya fara. Duka minti 9 ne ko kusa da haka.

Tsawo na da muhimmanci ga mai farawa. Guntaye shida da Webern ya rubuta wa goge huɗu, waɗanda ake kira Bagatelles, ba su wuce minti 4 ba gaba ɗaya, ana iya jin su sau uku a zama ɗaya. Schoenberg ya san darajar maimaici: a ƙungiyar da ya kafa a Biyana a 1918 an hana tafi, an hana 'yan jarida masu sharhi shiga, ana kuma sake buga aiki ɗaya a taro daban-daban har kunne ya saba.

Sanin labarin aiki ma na taimakawa. Olivier Messiaen ya rubuta Quatuor pour la fin du temps yana fursunan yaƙi a sansanin Jamusawa da ke Görlitz, aka fara buga shi ranar 15 ga Janairu 1941 cikin tsananin sanyi, a gaban fursunoni da masu gadinsu. Kayan kiɗa huɗu kawai ya yi amfani da su domin makaɗansu ne ke tsare tare da shi. Amma a yi hattara da suna. Kiɗan Penderecki na makoki ga mutanen Hiroshima, mai kayan tsirkiya 52 da ke ƙara kamar kururuwa, da farko sunansa 8′37″ kawai, wato minti 8 da daƙiƙa 37, sai bayan ya ji an buga ya sadaukar da shi gare su. Sautin ne ya jawo sunan.

Akwai kuma wanda za ka iya bugawa da kanka, kai da wani, ba tare da kayan kiɗa ba. Clapping Music na Reich, na 1972, tafi ne zalla a kan bugu 12: tafi uku, hutu, biyu, hutu, ɗaya, hutu, biyu, hutu. Ku fara tare. Ɗayanku ya riƙe wannan har ƙarshe kada ya gusa. Ɗayan kuma, bayan an maimaita sau da yawa, ya tsallake bugu ɗaya ya ci gaba, sai tafinsa ya riƙa faɗawa inda abokinsa ke hutu, wani sabon salo ya fito wanda babu wanda ke buga shi a cikinku. Ya sake tsallakewa, salon ya sake sauyawa. Da wuya ku kai rabi a gwajin farko, domin hannu na son bin na kusa da shi. A tsallake na 12 tafin biyu ke sake haɗuwa ya zama ɗaya, nan kiɗan ya ƙare.